Barmil na Biyu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga Nuzla, cikin Jidda, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗana Baffa. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya tsare mini kai a tudu da kan ruwa, Ya tsare abokin tafiyarka Salim, Ya kai ku Ƙunfuda lafiya, Ya sa ku tarar da alheri a can. Ummanka tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka kwana uku ke nan tana zuba maka abinci tana rufewa, kai kuwa kana bakin teku a gindin jirgi kamar wanda ba shi da gida.

Na san abin da ya hana ka shigowa. Ran Lahadi na yi maka tsawa a gaban mutane. Na zo duba jirgin da na ba ka, na tarar ka sauke barmil na biyu na ruwan sha ka ajiye a yashi, ka sa akwatin ƙanƙara a gurbinsa. Da na yi magana ka ce, “Ya Baba, khalas, zamanin shira'i ya wuce. Da makina awa huɗu mun iso tudu. Barmil wahid kifaya.” Wato an daina tafiya da zanen iska, inji ya zo, barmil ɗaya ya isa. Ni kuma na faɗa maka abin da ba zan maimaita a takarda ba. Asabar za ku tashi, kuma masu dawowa daga gaɓa sun ce mini har yau barmil ɗin yana nan inda ka bar shi. Saboda shi na zauna rubuta wannan. Da baki ba na iyawa, da na buɗe shi sai faɗa ya riga magana fitowa. Na yi da ajami don na san da yatsa kake bin sa, harafi bayan harafi, ba za ka iya yi masa irin gaggawar da kake yi wa komai ba.

Ka sha jin cewa mu mutanen kogi ne. A Mai Wurno aka haife ni, a bakin Shuɗin Nilu, ni da ƙanena Iliyasu wanda ka ci sunansa, shi ya sa muke ce maka Baffa. Kakanka masunci ne, ya taso daga yamma da niyyar hajji, kogin ya riƙe shi har ya mutu. Yanzu da idona ya fara dushewa na fi ganin kogin nan fiye da layin gidanmu. Ina ganin hazo kwance a kan ruwa da sassafe, kwalekwale yana ratsa shi ba ƙara, Iliyasu a gaba yana gyara birgi, tarunmu na jifa, a kafaɗa. In ƙishi ya kama ka sai ka saki hannu ta gefe ka ɗebo, ba ka ma daina hira ba. Duk zamana a kogi ban taɓa ganin mutum ya shiga kwalekwale da ruwan sha ba. Da wani ya yi, da har jikokinsa sai an yi musu dariya.

Da muka cika wa kakanka niyyarsa muka sauke farali, sai muka zauna a Jidda. Ranar da muka fara tsayawa a gaɓa da idon masunta, Iliyasu ya daɗe yana kallo, ya ce, “Yaya, ai wannan kogi ne da ya yi ƙiba.” Muka yi ta dariya. To duk kuskuren da zan ba ka labari, daga wannan dariyar ya fito. Mun san ruwa, sai muka ɗauka mun san teku.

Shekara biyu muka yi a sambuki, babban jirgin katako na Rayyis Ubaidu, wani tsoho mutumin Yanbu wanda ya koya mana aiki, kafin muka sami namu ɗan ƙaramin jirgi, huri mai shira'i ɗaya. Ranar da muka jawo shi gaɓa, Rayyis ya ba ni ƙullin kitsen rago da farar ƙasa, ya ce in dafa su tare in shafe cikin jirgin daga waje, duk inda ruwa yake taɓawa, kuma in riƙa yin haka duk bayan wata biyu. Na buɗe ƙullin na duba. Kitse ne fari sol, mai kyau. Na ce a raina, itace zan ciyar da wannan? Kwalekwalen mahaifina ya shekara ashirin a kogi ba wanda ya taɓa shafa masa ko man gyaɗa. Na kai wa ummanka, muka yi mako muna cin shinkafa mai maiƙo, har Iliyasu yana cewa teku ta karɓe mu.

Bayan wata huɗu, muna cikin ruwa kusa da gaɓa, na taka katakon ƙasa sai ƙafata ta shige har idon sawu. Tsutsar teku ta cinye shi ta ciki. Daga waje sumul yake, ciki kuwa kamar saƙar zuma. Muka fito da iyo muna jan jirgi, Rayyis yana zaune a inuwa yana gyaran igiya. Bai ko tashi ba. Ya ce, “Ya Haruna, akalt ash-shaham? Bil afiya. Kai ka ci kitsenka, teku ma ta ci nata.” Na ji kunya irin wadda har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai.

Don haka kafin Asabar ka sake jawo jirgin nan tudu. Na ga Salim ya shafe shi da shuɗin fenti ya yi kyau, amma fenti na masu kallo ne. Ka ɗauki ɗan guduman itace ka bi katako ɗaya ɗaya kana ƙwanƙwasawa, kunnenka a kusa. Mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda aka ci kuwa muryarsa a toshe take. Inda ka ga haske tsakanin katako biyu ka cusa auduga mai mai, ka buga ta a hankali, kada ka yi mata bugun fushi ka tsaga gefen. In ka gama ka shafa kitse da farar ƙasa, ka mayar da shi ruwa ya wuni, sannan ka shiga ka duba inda ya yi gumi. Aikin yini guda ne, kuma Ƙunfuda ba inda za ta.

Kuskure na biyu a kan ƙugiya na yi shi. A gida in an tashi daga su, sai a ɗauraye kaya a kogi a rataye. Haka na riƙa yi a nan, ina ɗauraye ƙugiyoyina a teku ina jin na yi tsabta. Wata safiya muna kan sha'ab, duwatsun murjanin nan da suke kwance ƙarƙashin ruwa, teku ta yi garau har ana ganin ƙasa. Na ɗaure dutse da ɗan kifi a bakin igiya yadda Rayyis ya koya mana, na sake, da ya kai ƙasa na fizga dutsen ya kwance. Ban daɗe ba na ji nauyi. Na fara ja, sai ga kifin nan najil yana tasowa daga can ƙasa, ja wur, da ɗigon shuɗi a duk jikinsa. Ban taɓa ganin mai girmansa ba, har yau. Yana juyawa a hankali, rana tana sauka a kansa. Ya zo har ina ganin idonsa. Sai igiya ta yi sakwaf a hannuna. Ya ɗan tsaya kamar yana mamaki, sannan ya koma ƙasa ba gaggawa, jansa yana dushewa har shuɗi ya rufe shi. Da na jawo, rabin ƙugiya na gani, tsatsa ta cinye ta daidai wurin lanƙwasa.

Kayanka da ruwan daɗi za ka wanke su, ko da kofi ɗaya ne, ka shanya, ka shafa musu mai, ka soke ƙugiyoyi a ɓawon dabino manya daban ƙanana daban. Kowace igiya ka bi ta da yatsu daga farko har ƙarshe, ido a rufe ma ya fi, yatsa yana jin inda dutse ya goge ta. Duwatsun nitsarwa a tudu ake zaɓensu, masu tsayi da ɗan ƙugu, ba a cikin jirgi ake neman su ba. Igiyar anga ka duba ƙullinta da kanka ko Salim ya rantse ya duba. Makina kam ban san ta ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na san gishiri, kuma ban ga ƙarfen da ya ƙyale ba. Duk abin da yake iya karyewa a jikinta ka tafi da na biyunsa, shira'i da filafilan tuƙi kuma su zauna inda suke ko da Salim zai yi maka dariya.

Akwai kuma ranar da na shiga tsakanin sha'ab da la'asar, rana a fuskata, ina tsammanin zan gane zurfi da gora yadda ake yi a kogi. Ruwan duk ya zama farin ƙarfe, ban ga komai ba sai da na ji dutse yana kartar cikin jirgi. Teku da launi ake karanta ta. Shuɗi mai duhu hanya ce, kore ka rage gudu, ruwan ƙasa ƙasa kuwa dutse ne yana jiranka. Ba ka ganin wannan sai rana tana sama ko tana bayanka. In lokaci ya ƙure maka, ka jefa anga a waje ka haƙura.

Waɗannan duk ka taɓa jin su a bakina, wasu har ka gaji. Wanda zan faɗa yanzu ba ka taɓa ji ba. Ko ummanka ba ta sani ba.

Shekarar da take da cikinka, kifin dirak ya shigo da yawa. Lokacin ba ƙanƙara a jirage irin namu, gishiri muke ɗauka, a fede kifi a barbaɗa. Ruwan shanmu kuwa kashi biyu ne, salka ɗaya da garwa ɗaya, haka Rayyis ya ɗora mu. Ran nan bayan sallar asuba muna loda kaya, na zo da buhun gishiri na biyu, ya ƙi samun wuri. Na duba, na ɗaga garwar ruwa na fitar, na kai ta inuwar wani jirgi da aka kife, na rufe bakinta da katako na ɗora dutse. Iliyasu yana riƙe da igiya ya ce, “Yaya, garwar fa?” Na ce, “Bar ta nan. Mu da aka haifa a kan ruwa ƙishi ne zai dame mu? Kafin la'asar mun dawo, ka sha shayinka a gida.” Ya yi murmushi ya tura jirgi. Bai taɓa yi mini gardama ba, mutum ne mai shekara ashirin da huɗu amma in na yi magana ta zauna. Kuma ban gaya wa kowa inda muka nufa ba, don na gano wani wuri da nake ɓoye wa sauran masunta.

Mun kama kifi kamar ba gobe. Bayan azahar shamal ta taso, iskar arewa, ba irin wadda muka saba ba. Ta karya sandar shira'i, ta yage zanen, igiyar ruwa ta tafi da filafili ɗaya. Ta kora mu kudu da yamma har tudu ya ɓace, ta yi ta kora mu har washegari, sannan ta kwanta gaba ɗaya. Teku ta yi lumui kamar mai a faranti. Ba tsuntsu, ba jirgi, ba ko gajimare. Salka ta ƙare a rana ta biyu, duk da da murfin gwangwani muke aunawa.

Muka kafa yagaggen zanen muka kwanta a ƙarƙashinsa, gefenmu tarin kifi mai gishiri wanda ba mai iya kai shi baki. In ka leƙa ta gefe, hasken rana yana sauka cikin ruwa igiya igiya, ba ka ganin inda ya tsaya. Kyau ne da shi, Baffa, ba zan ɓoye maka ba. Ban taɓa ganin ruwa mai kyau kamar na kwanakin nan ba. A rana ta uku na ga hannun Iliyasu yana sauka ta gefe, a hankali, yadda hannunmu ya saba tun muna yara, shi kansa bai san yana yi ba. Na buge hannun. Ya dube ni ya ce, “Yi haƙuri, Yaya, mantuwa ce.”

A rana ta huɗu ya fara hira. Ya ce, “Yaya, ka ga gaɓa can? Ga gabaruwar mashaya. Ga Inna tana wanki, ta ɗaura jan zanen nan.” Na ce masa ya yi salati ya rufe ido. Amma na duba inda ya nuna, kuma wallahi ni ma na gani. Na ga gabaruwa, na ga shanu suna gangarowa, har ƙarar bugun wanki na ji. Da tsakar rana wani nauyi ya danne ni, ban san ko barci ba ne ko suma. Da na buɗe ido na gan shi a durƙushe, yana ɗiba da hannu biyu yana sha, fuskarsa a sake kamar ta mai buɗa baki. Ya juyo ya ce, “Taso ka sha, Yaya. Ambaliya ta wuce, ruwan ya kwanta.” Na ja shi, amma ba ƙarfi a jikina, kuma ban san tun yaushe yake sha ba.

A rana ta biyar wani sambuki mai ɗauke da tumaki daga gaɓar Sudan ya gan mu. Suka ɗauke mu, suka riƙa matsa mana jiƙaƙƙen tsumma a baki. Ni na tashi. Shi kuwa ya cika daidai lokacin da fararen gidajen Jidda suka fara tasowa daga cikin ruwa, kansa a cinyata.

Bayan an yi sadakar uku na taka zuwa gaɓa. Garwar tana nan a inuwar jirgin, da katakonta da dutsenta, don ba mai taɓa ruwan masunci. Na buɗe, cike take. Na zauna a yashi a gabanta har aka kira azahar. Duk wanda ya zo gaisuwa na ce masa iska ce, aka ce Allah Ya jiƙansa, kwana ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma na sha lissafawa, garwar nan da ta kai mu kwana biyar har da saura, kuma hannuna ne ya fitar da ita don buhun gishiri. Shekara ashirin da biyu ina ɗauke da wannan ni kaɗai. Shi ma kuskure ne, watakila ya fi sauran. Da na gaya maka tun kana koyon ɗaurin ƙugiya, da ran Lahadi ba sai na ɗaga murya ba. Na ga barmil a yashi, na ga mai sunan Iliyasu tsaye a cikin jirgi, sai hankalina ya tashi, tsoro ya fito mini da kamar fushi. Ka yafe mini tsawar.

Ruwa ba don kwanakin da ka shirya ake ɗaukarsa ba, don waɗanda ba ka shirya ba ne. Barmil biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowanne da ɗaurinsa, don in ɗaya ya huje ko teku ta shiga cikinsa ɗayan ya tsira. Ka wanke su da kanka, ka sansana, kada ka yarda da barmil ɗin da ya taɓa ɗaukar kananzir. In mai ruwa ya cika su, ka ɗanɗana kafin ka rufe. Na san abin da za ka ce, ƙanƙara ma ai ruwa ce. Kafin rana ta biyu ta narke ta haɗu da jinin kifi da yauƙinsa, ka je Bangala, kasuwar kifi, ka leƙa ƙasan akwatin kowane mai kifi ka gaya mini ko za ka sha. Ka rage akwatin, ko ka rage taru, ko ka rage kifin da kake mafarkin kamawa. Kuma duk fitar da za ku yi daga Ƙunfuda, ka sami dattijo ɗaya a gaɓa ka gaya masa inda kuka nufa da ranar dawowa. In ya sace maka wurin kifi, ya sace.

Jirgi naka ne, na ba ka, ba zan karɓe ba. Albarkata ma ba a ɗaure take da barmil ba, ko ka ɗauka ko ka bari na sa maka ita, duniya da lahira. Takardar nan in ka ga dama ka karanta wa ummanka, ni na kasa. Ka shigo gida kafin ka tafi ka ci abincinta, ta soya maka gari da dabino na guzuri.

Ran Asabar ba zan zo rakiya ba. Na san kaina, idona zai yi ta ƙirga kaya, in kunyata ka a gaban Salim. Zan bari sai kun fita daga sha'ab, rana ta ɗaga, sannan in ɗauki sandata in taka zuwa wurin da jirginka yake tsayawa. Idona ba ya kaiwa nesa yanzu, ba zan hango ku ba. Ƙasa zan duba. Abin da nake roƙon Allah Ya nuna mini shi ne zagayen gurbin barmil a yashi, ba komai a kansa.

Allah Ya kwantar muku da iska, Ya buɗe muku hanya tsakanin duwatsu, Ya kiyaye katakon da ke ƙarƙashin ƙafarku. Ya shayar da ku, Ya dawo mini da kai ina da rai. Ya jiƙan Iliyasu, Ya shayar da shi daga tafkin Manzonsa, ni kuma Ya gafarta mini. Amin.

Mahaifinka,
Haruna